Laifin Norman Rockwell Ba Zaƙi Ba Ne

A wani zaman muhawara da ƙungiyarmu ta raya al'adu ta shirya kwanan baya, wani malami ya zo da hoto guda ya manna a allo: yarinya baƙar fata, ƴar shekara shida, sanye da farar riga, tana tafiya tsakanin ƙarti huɗu waɗanda ba a ganin kawunansu. Ya ce da wannan hoto yake buɗe darasinsa na wariyar launin fata a ƙasar Amurka. Bai rufe baki ba sai wani daga cikinmu, mutum mai zurfin karatu wanda ya daɗe a Turai, ya taɓe baki ya ce: "Ai wannan Rockwell ne, mai zanen kalanda. Ba a saka irinsa cikin masu fasaha." Aka yi dariya, aka shiga wata magana. Ni ban yi dariya ba, amma ban tanka ba, kuma shirun nan ya tsaya mini a maƙogwaro har yau. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san mutumin ba: an haifi Norman Rockwell a birnin Niyok a shekarar 1894, ya rasu a ƙaramin garin Stockbridge na jihar Massachusetts a 1978. Tun yana ɗan shekara 14 ya shiga makarantar zane, yana da shekara 19 aka damƙa masa sashen hotuna na Boys' Life, mujallar ƴan sikawut na Amurka. A watan Mayu na 1916, yana da shekara 22, mujallar Saturday Evening Post ta buga zanensa na farko a bangonta, ta biya shi dala 75. Daga nan ya shekara 47 yana yi mata aiki, ya zana mata bango sama da 320. Mujalla ce ta mako-mako wadda take shiga miliyoyin gidaje, ana sayar da ita a kan santi biyar har zuwa 1942, a zamanin da telebijin bai shiga ɗakin kowa ba. Wanda ya riƙe bangon wannan mujalla, shi yake riƙe da madubin da ƙasa guda take duba fuskarta kowace Asabar. Kalanda kuwa, gaskiya ne, ya yi ta: ya zana wa ƴan sikawut kalandarsu kusan kowace shekara daga 1925 zuwa 1976. Abokinmu bai yi ƙarya ba. Abin da ya gina a kan gaskiyar ne nake ja da shi.

Maganar da ya faɗa ba tasa ba ce, gadonta ya yi. A 1939 wani mai sharhin fasaha na Niyok, Clement Greenberg, ya buga maƙala a mujallar Partisan Review inda ya raba duniyar zane gida biyu: fasaha ta gaske, wadda ƴan ƙalilan suke fahimta bayan wahala, da abin da ya kira da kalmar Jamusanci kitsch, wato kayan ƙyale-ƙyale da ake tauna wa jama'a a saka musu a baki. Bangon Saturday Evening Post yana cikin misalansa na farko, kuma ya ambaci Rockwell da suna. Ya kawo misalin manomin ƙasar Rasha da aka ajiye gaban zanen Picasso da na Repin, ya ce manomin zai zaɓi Repin domin yana gane abin da ke ciki nan take, ya ƙara da cewa da an nuna masa Rockwell da Repin ma ya sha ƙasa. In za a yi wa Greenberg adalci, shi ya ɗora laifin a kan halin rayuwa da ya hana manomi hutu da ilimi. Amma almajiransa, na kusa da na nesa, sun zubar da wannan rabin, sun riƙe rainin kaɗai. Abin da ya iso mana, bayan ya ratsa Niyok da Faris, shi ne wannan ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: in talaka ya gane hoto, to hoton ba shi da daraja.

Ina roƙon malamai ƴan'uwana su tsaya a kan wannan ƙa'ida, domin mu ta fi shafa. Me muke yi a aji tun safe har azahar in ba ƙoƙarin a gane mu ba? Wane malami ne aka taɓa yabo don ɗalibansa sun fita ba su fahimci komi ba? Sauƙin ganewa ba ya faɗowa daga sama, aiki ne, kuma Rockwell ya yi wannan aiki kamar jaki. Bangon mujalla ba shi da sai ƙiftawar ido: mutum yana wucewa gaban teburin mai jarida, dole hoton ya kama shi, ya ba shi labari cikakke, da farkonsa da ƙarshensa, ba tare da kalma ko ɗaya ba. Don ya cimma haka yakan zaɓo mutanen da zai zana ɗaya bayan ɗaya, galibi cikin maƙwabtansa, ya nemo tsohuwar riga da ta ji jiki maimakon sabuwa, ya tsara wurin kamar mai shirya wasan kwaikwayo. Daga tsakiyar shekarun 1930 ya koma sa mai kyamara ya ɗauki hotuna da yawa, sannan ya haska su da na'ura a kan takarda ya bi layinsu da gawayi, ya gyara, ya sāke, kafin ya taɓa fenti. Shi kansa yana jin kunyar wannan na'ura, yana ganinta kamar maguɗi. Ni ban ga maguɗi ba. Kyamara ba ta san inda za a karkata wuyan yaro ba, ba ta san hannun tsohuwa ne ya kamata haske ya faɗa wa ba.

Kuma kada a ɗauka bai san tarihin sana'arsa ba. Matar nan ma'aikaciyar masana'antar yaƙi da ya zana a 1943, mai damtse kamar na maƙeri, wadda take cin burodi ƙafarta a kan littafin Hitler, zamanta ya ɗauko shi daga Annabi Ishaya na Michelangelo da ke rufin ɗakin ibadar Sistine a Rum. A 1962 ya zana wani dattijo mai kwat, ya juya mana baya, yana kallon zane irin na Jackson Pollock, na yayyafin fenti. Rockwell ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya yi yayyafin da hannunsa, ya kuma yi shi da kyau. Ya iya nasu. Ban tabbata su sun iya nasa ba.

To, an ce zaƙi ya yi masa yawa: yara masu kunci ja, kakanni masu murmushi, likitan ƙauye da ke sauraren ƙirjin ƴar tsana don ya faranta wa yarinya rai. Na yarda, akwai zanensa da yawa da in ka kalle su a jere sai ka ji kamar ka sha zuma ba ruwa. Shi ma bai musa ba. A littafin tarihin rayuwarsa na 1960 ya bayyana cewa rayuwa yake zanawa yadda yake so ta kasance. Mutumin da ya cika Amurka da hotunan iyali mai kwanciyar hankali aurensa na farko ya mutu a 1930, a 1953 kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Stockbridge don matarsa ta biyu ta samu magani a asibitin masu ciwon damuwa da ke garin, shi ma ya yi shekaru yana zama gaban masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson. Wanda ya san wannan zai kalli murmushin nan da wani ido. Amma ko da babu wannan, zaƙi aibi ne ƙarami. Ba a kai mutum gaban alƙali don ya zuba sukari da yawa a shayi.

Laifin da ya cancanci shari'a daban ne, kuma abin mamaki masu rainin ba su cika ambatonsa ba, domin sai ka kalli hotunan da gaske kafin ka gan shi, su kuwa sun riga sun yanke hukuncin cewa ba abin kallo ba ne.

A ɗauki zanensa guda huɗu mafi shahara. A watan Janairu na 1941 shugaba Franklin Roosevelt ya yi jawabi ga majalisa inda ya lissafa ƴanci huɗu da ya kamata kowane ɗan Adam ya samu: ƴancin magana, ƴancin ibada, kuɓuta daga talauci, kuɓuta daga tsoro. Kalmomi ne manya, masu yawo a sama. Rockwell ya sauko da su ƙasa. Ya tuna wani taron gari a Arlington ta jihar Vermont, inda yake zaune a lokacin, da wani manomi ya miƙe shi kaɗai ya ƙi amincewa da shirin gina sabuwar makaranta, aka saurare shi har ya gama ba wanda ya katse shi. Daga nan ya zana leburan nan mai tsohuwar riga tsaye tsakanin masu kwat, suna ɗaga kai suna dubansa. Mujallar ta buga zanen huɗu a Fabrairu da Maris na 1943, gwamnati ta zagaya da su birane, aka tara sama da dala miliyan 132 na bashin yaƙi. Babu mai zanen Amurka na wancan ƙarni da aikinsa ya taɓa jama'a haka.

Yanzu a ƙirga fuskokin. A taron garin, babu baƙi ko ɗaya. A teburin da kaka take ajiye ƙaton talo-talo, babu. A ɗakin da iyaye suke lulluɓe ƴaƴansu, babu. A zanen ibada kaɗai za ka hango mace baƙa, can a kusurwa, cikin inuwa. Wannan kuwa a shekarar da sojan Amurka baƙi suke yaƙi a rundunoni da aka ware musu, a shekarar da akasarin baƙaƙen Kudu ba su da ikon jefa ƙuri'a, a shekarar da tarzomar launin fata ta ci rayuka 34 a birnin Detroit, 25 daga cikinsu baƙaƙe. Kuɓuta daga tsoro? Wa ya fi uban yaro baƙi a Misisipi sanin tsoro a 1943? Hoton bai zage shi ba, bai yi masa ba'a ba. Ya dai rufe ƙofa ya bar shi waje, sannan ya rubuta a ƙofar cewa kowa yana ciki.

Wannan ba mantuwa ba ce, doka ce. Rockwell ya faɗa da bakinsa a ƙarshen rayuwarsa cewa George Horace Lorimer, babban editan da ya ɗauke shi aiki, ya gargaɗe shi kada ya nuna baƙar fata sai a matsayin mai hidima. Ya kuwa bi. Dubi bangon Disamba 1946: yaro fari a taragon cin abinci na jirgin ƙasa yana lissafin kuɗinsa, dattijo baƙi mai farar rigar sabis yana tsaye kansa yana murmushi. Zane ne mai kyau, an girmama fuskar dattijon, ba a mai da shi abin dariya ba kamar yadda wasu masu zane na lokacin suke yi. Amma yana tsaye, yaron yana zaune. Shekara da shekaru yaran Amurka, farare da baƙaƙe, suka tashi suna ganin wa ke zaune wa ke tsaye, mako bayan mako, a hannun mai zanen da suka fi ƙauna. Ba na jin akwai littafin makaranta da ya koyar da darasin nan da kyau kamar yadda bangon ya koyar da shi.

Nan ne zan rabu da ɗaya ɓangaren, wato masoyansa, waɗanda su ma ba su fi masu rainin gaskiya ba. Suna cewa tilasta masa aka yi: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar gaskiya ce, amma ba ta wanke wanzami, domin shi ya miƙa hannu ya karɓi ladan. Lorimer ya bar kujerarsa a ƙarshen 1936, ya rasu a 1937. Rockwell ya ci gaba da aiki a gidan har 1963. A cikin waɗannan shekaru ba yaro ba ne mai neman abin kai wa baka, shi ne gimshiƙin mujallar, sunansa kaɗai yana sayar da ita. In akwai mutum ɗaya a ƙasar da yake da nauyin da zai ce wa editoci a'a, shi ne. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954. Ƙauracewar motocin bas a Montgomery ta faro a 1955. Rikicin makarantar Little Rock ya auku a 1957. Duk wannan yana faruwa, bangon Rockwell yana nuna yaron da ya gudu daga gida zaune kusa da ɗan sanda mai kirki a shagon abinci. Sai a 1961 ya samu ya jera mutanen duniya masu launi iri-iri a bango guda, kowa da tufafin ƙasarsa, a ƙarƙashin ƙa'idar nan ta yi wa wani abin da kake so a yi maka. Zanen ya yi farin jini, har an yi kwafinsa da ƙananan gutsattsarin gilashi a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985. Amma ya fi sauƙi a zana zumuncin duniya baki ɗaya da a zana maƙwabcin da aka hana shiga makaranta.

Sannan, yana dab da shekara 70, ya bar mujallar ya koma Look, wadda ta ba shi damar zana abin da ke faruwa. Aikinsa na farko da ta buga, ranar 14 ga Janairu 1964, shi ne hoton da malaminmu ya manna a allo. Sunansa da Hausa: matsalar da dukanmu muke zaune da ita. Abin da ya tuna shi ne 14 ga Nuwamba 1960, ranar da Ruby Bridges ta shiga makarantar firamare ta William Frantz a birnin New Orleans, ita ce baƙa ta farko, jami'an tsaron tarayya huɗu suna rakiyarta saboda taron masu zagi da ke bakin ƙofa.

A kalli yadda aka gina shi. An yanke kawunan jami'an, domin ba su ne labarin ba; ido ba shi da fuskar da zai kama sai ta yarinyar. An sauko da kallon zuwa tsayinta, wanda ya tsaya gaban zanen dole ya zama ɗan shekara shida. Rigarta fara tas, tana riƙe da littafi da rula da fensir, kayan kowane ɗan makaranta a duniya. A bangon da ke bayanta an rubuta mummunan zagin da ake yi wa baƙaƙe da haruffan ƙungiyar Ku Klux Klan, ga tumatir da aka jefa ya fashe yana gangarowa kamar jini. Masu jifan fa? Ba su cikin hoton. Suna gefen da muke tsaye. Rockwell ya ɗauki mai karanta mujalla, wanda ya shekara arba'in yana lallashinsa, ya tsayar da shi cikin taron masu jifa. Duk dabarar da aka yi wa dariya ita ce a nan: labari a ƙiftawar ido, yaro a tsakiya, tsabtar riga, ƙananan abubuwa da aka zana da haƙuri. Da kayan aikin kalanda aka yi shi. Wane zanen yayyafin fenti ne zai iya wannan aiki a gidan mutumin da bai taɓa shiga gidan adana zane ba?

Bai tsaya nan ba. A 1965 ya zana kisan matasa uku masu fafutukar ƴancin jefa ƙuri'a, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, waɗanda aka kashe a Misisipi a watan Yuni na 1964. Ɗaya kwance, ɗaya tsaye yana riƙe da na ukun da ke zubewa, makasan kuwa inuwarsu kawai ake gani. Look ta zaɓi buga zanen gwaji na farko, mai kaushi, ta bar wanda ya kammala, shi ma daga baya ya yarda cewa fushin ya fi fitowa a na gwajin. A 1967 ya zana yara baƙaƙe biyu da suka tare a unguwar farare, suna kallon-kallo da yaran unguwa uku gaban motar kaya. Wasiƙun zagi sun zo masa daga mutanen da dā suke yanke zanensa su liƙa a ɗaki.

Ba zan mai da shi waliyyi ba saboda wannan. Tsohuwar ɗabi'a ba ta mutuwa da sauƙi. A 1966 Look ta buga zanensa kan matasan Peace Corps, ƙungiyar ƴan sa-kai ta Amurka da mu ma muka sani a garuruwanmu daga 1962 zuwa 2011. Ya je har Habasha don wannan aiki, ya dawo da hoton saurayi Ba'amurke yana nuna wa manoman Habasha garma, a ƙasar da ake huɗa da shanu tun dubban shekaru. Niyyar mai kyau ce, amma har yanzu an san wanda ke koyarwa da wanda ke saurare.

Kuma kada wani ya kawo mini hujjar kasuwa. Na san a 2001 gidan adana zane na Guggenheim a Niyok, matattarar fasahar zamani, ya buɗe masa ƙofa da babban baje koli. Na san a 2013 an yi gwanjon zanensa na tsohuwa da jikanta suna addu'a kafin cin abinci a kan dala miliyan 46, zanen da aka biya shi dala 3,500 a 1951. Wannan ya nuna masu kuɗi sun sauya ra'ayi, bai nuna sun fahimci komi ba. Waɗanda suka raina shi don talaka yana son sa, da waɗanda suka girmama shi don attajiri ya saye shi, hanya ɗaya suka bi: dukansu fuskar mai kallo suke duba, ba hoton ba. Abin da ya fi gwanjon nauyi a wurina shi ne 2011, lokacin da aka rataye zanen yarinyar a Fadar White House na wasu watanni, Ruby Bridges da kanta, tana da shekara 56, ta tsaya gabansa tare da shugaba Barack Obama.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin zanen kuma ya kamata malamai su san sunansa. Da yarinyar ta shiga, iyaye farare suka kwashe ƴaƴansu, malamai suka ƙi karɓarta, sai wata malama ɗaya, Barbara Henry, ƴar birnin Boston. Ta koyar da ita ita kaɗai, a aji mai kujeru babu kowa, har ƙarshen shekarar karatu.

Ga abokinmu mai taɓe baki, ina gayyatarsa ya dawo zama na gaba ya kalli hoton minti biyar kafin ya faɗi sunan mai shi. Ga malamin da ya kawo shi kuwa, kada ya cire shi daga allo, amma kada ya manna shi shi kaɗai. Ya nemo bangon 1946, na dattijon da ke tsaye a taragon jirgi, ya manna shi a hagu, yarinyar a dama, ya rubuta shekarun biyu a ƙarƙashinsu da alli, ya gaya wa ɗalibai hannu ɗaya ne ya zana su, sannan ya tambaye su wa ke zaune, wa ke tsaye, wa ke tafiya.